Sunan Nasiru a Ƙarshen Shiri

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidajen suna da na biki, kuma na san ku ma da na haifa kun taɓa faɗarsa a tsakaninku: wai Inna da tsufanta ta bar gidan malamai ta koma kangon uwarta saboda akwatin kallo. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin ba magana ce da za a gama ta a tsaye a bakin ƙofa ba. Yanzu da ido ya fara gajiya, gwiwa kuma ta ƙi ni, na ga gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance, da ɗan bokon da na samu a Bukkuyum kafin a kawo ni Gummi. A hankali nake rubutu, kamar yadda a hankali nake karatu, sai ku yi haƙuri da ni.

Gidan Malam Babba, yayan mahaifinku, gida ne da bai san shiru ba. Tun da asuba karatun ɗalibai ke tasowa daga zaure, kafin rana ta ɗaga turmi ya karɓa, ga guga na bugun bakin rijiya, ga awaki, ga muryar Yaya Asabe a saman duka tana kiran yaro da sunan wansa, in bai amsa ba ta ce ya raina ta. Yaya Asabe matar Malam Babba ce, ita na tarar a gidan ranar da aka kawo ni. A wurin mutane faccalata ce, amma murhu ɗaya muka yi tun daga ranar. In ta daka ni ke tankaɗe, in na tuƙa ita ke kwashewa. A hannunta kuka faɗo, ku ukun. Da mahaifinku ya rasu, a ɗakina ta shimfiɗa tabarmarta har na fita takaba. Shi kuma Malam Babba bai taɓa bari na buɗe baki na nemi wani abu ba. Ina faɗar wannan ne don kada wani cikinku ya karanta ya ɗauka an wulaƙanta ni a gidan nan. Ba a yi ba.

A lokacin babbarku tana aure a Anka, Rabi tana Bukkuyum, shi kuma autanku Nasiru yana Kaduna, yana aikin ɗaukar hoto a wani gidan talabijin. Shirin manoma yake wa aiki. Su ne ke bin ƙauyuka da kasuwanni suna nuna yadda amfanin gona ya yi, don haka kusan kullum yana kan hanya. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya kira ni. Ba na gama amsa gaisuwarsa Yaya Asabe ta fizge wayar.

“Kai ɗan auta, yaushe za ka kawo muna mata? Ko sai mun mutu?”

Ina jin dariyarsa daga inda nake zaune. Da wannan muke cika mako.

Sai shekarar nan ta zo da hanyoyi suka lalace. Ba sai na ba ku labarinta ba, kun gani da idonku. Motar da ta tashi daga Gummi zuwa Anka sai an yi ta addu'a har a ji ta sauka. Ana cikin haka, wajen ƙarshen damina, hukuma ta rufe layukan waya. Juma'a ta zo ta wuce, wayata na ajiye a kan kwalla kamar dutse. Ku mata ina samun labarinku jefi-jefi a bakin masu zuwa cin kasuwa, amma Nasiru babu mai kawo nasa. Maza kan yi tafiya har cikin wata jiha su nemi inda waya ke kamawa. Malam Babba ya taɓa ba wani lambarsa, mutumin ya dawo ya ce ya same shi, lafiya lau, yana gaishe ni. Na ji daɗi kwana biyu, sannan zuciya ta koma gidan jiya, domin mutumin da ke kwana wani gari ya tashi wani, lafiyarsa ta jiya ba ta gaya maka ta yau.

Akwai maƙwabciyarmu Larai, matar wani malamin asibiti, da ke shigowa sayen ƙuli wajen Yaya Asabe. Ita ce wata rana ta ce mini:

“Inna, ai ni kowace Talata ina ganin sunan Nasiru. In shirin manoma ya ƙare sai a rubuto waɗanda suka yi aikin.”

Talatar da ta biyo baya, ina idar da la'asar na ja mayafi na shiga gidanta. Na zauna na kalli masu albasa da masu shinkafa suna bayani, ban fahimci komai ba don hankalina ba a nan yake ba. Da aka gama sai gilashin ya yi baƙi, wani ɗan kiɗa ya taso, fararen sunaye suka fara hawowa daga ƙasa a hankali, kamar sun san akwai irina. Larai ta ɗora yatsa. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: sunansa, sunan mahaifinku, sannan Gummi. Ban yi kuka ba. Na dai yi alhamdulillahi. Mijin Larai ya yi mini bayani daga tsakar gida cewa irin wannan shiri a cikin makon ake ɗaukarsa, tunda har farashin kasuwa suke faɗa. Wato in na ga sunan, yaron ya fita aiki a makon nan ya dawo.

Ban daɗe ina wannan zuwa ba aka yi wa mijin Larai canjin wurin aiki. Motar da suka samu ba ta da wurin kaya, sai Larai ta ce in riƙe mata talabijin ɗin da farantinsa da solar da ke ba shi wuta, har ranar da hanya ta yi kyau. Na ce to, alhali na san inda gizo ke saƙa. Washegari da hantsi na sa aka yi mini iso wajen Malam Babba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗi abin da ke tafe da ni. Na ce a ɗakina zan sa, rana ɗaya a mako, ba zan bari yaro ko ɗaya ya leƙa ba. Ya daɗe yana shafa bangon littafin da ke gabansa.

“Hajara, tun da anka gina wanga gida abin nan bai taɓa shiga ba. Na hana ɗiyana, na hana jikokina. In na buɗe maki yau, da wane baki zan hana su gobe?”

“Malam, ba kallo nika so ba. Suna ɗaya nika nema.”

“Na sani. Wallahi na sani. Ni ma ɗana ne. Ki yi haƙuri mu bar ma Allah.”

Bai ɗaga murya ba, ni ma ban ɗaga ba. Gaskiyarsa ce a gidansa. Na kuma san in na bar wa Allah ban yi laifi ba, amma na san halin zuciyata, ba za ta bar ni in ci abinci ba. Innata, da ta biyo ni Gummi da tsufanta, ta rasu ta bar ɗan gida a can bakin gari ta wajen fadama, ɗaki biyu da rijiya, babu kowa a ciki. Na koma na gaya masa can zan zauna har a buɗe waya. Ya dube ni, abin da bai saba yi ba.

“Ban kore ki ba, Hajara. Ki shaida.”

“Na shaida, Malam.”

Shi ya aika aka gyara rufin, shi ya sa aka kai mini buhun shinkafa da gero. Yaya Asabe kuwa, ranar da nake ɗaure kaya, ko juyowa ba ta yi ba. Tana bakin murhu ta ba ni baya, tana ta tura itace a wutar da ba ta bukatar ƙari.

Ban san mene ne shiru ba sai a gidan nan. Na farka da asuba ina jiran karatu ya taso, sai kwaɗin fadama. Hannuna bai iya awon mutum ɗaya ba, kullum sai tuwo ya kwana, in ɗumama shi da safe in kasa cinyewa. Nakan tsinci kaina ina cewa “Yaya, miƙo min mara,” sai in juya in ga bango. Mata suka ɗauke ƙafa, ba don ƙiyayya ba, don ba su san me za su ce mini ba. Saƙonku ya iso ta bakin 'yan kasuwa, babbarku ta ce na sa ta jin kunya a dangin mijinta. Ban yi fushi ba. Abin da nake da shi Talata ce. Tun ranar Litinin nake goge farantin sola don kada wuta ta gaza. In na yi la'asar in jawo kujera 'yar tsugunne gaban gilashin, in jira manoma su gama, sunaye su hawo. In na karanta nasa sai in kashe, in yi alhamdulillahi, in ji yunwa ta kama ni karon farko a makon.

Haka muka tafi har aka fara yankan shinkafa. Wata Talata shirin ya ƙare, gilashin ya yi baƙi kamar kullum, na matso. Sunan farko bai gama hawowa ba sai na ga duk sun tsuke sun koma wani ɗan ziri a gefe, bai fi faɗin yatsu uku ba, suna gudu kamar tururuwa. Sauran wurin kuwa wata budurwa ce mai murmushi ta cika shi, kiɗan ya ɗauke, muryarta ta hau:

“Kada ku tashi, masu kallo! Yanzun nan za mu kawo muku sabon wasan kwaikwayonku, gobe kuma da yamma…”

Aka shiga nuna mutane suna faɗa, suna kuka, mota na gudu. Kafin in kai fuskata jikin gilashin zirin ya ɓace. Na ɗauka kuskure ne aka yi. Mako ya zagayo, aka sake. Na ɗauko tabaran mahaifinku da na adana, na sa, na durƙusa har hancina na taɓa gilashi. Na ga fari-fari yana wucewa, na ga kamar wani baƙi mai kama da farkon sunansa, amma kafin in haɗa shi da na biyu an wuce. Na kira mutumin da ya kafa mini farantin na ce abin ya lalace. Ya zo ya duba ya yi dariya, ya ce lafiyarsa ƙalau, daga can tashar ne, yanzu duk haka suke yi, suna tallan shiri na gaba a kan ƙarshen wanda ya wuce.

A daidai wannan lokaci Malam Babba ya sake ba mai tafiya lambar Nasiru. Mutumin ya dawo ya ce ya kira har ya gaji, a kashe take. Kowa ya ce mini ai waya haka take, ko caji ne ko ta faɗi. Na ce haka ne. Amma daga ranar na tsani yarinyar nan mai murmushi kamar ta yi mini sata. Ni da ban taɓa zagin ɗan kowa ba, sai ga ni ni kaɗai a ɗaki ina yi wa gilashi magana: ke 'yar nan, matsa mana, ɗan ƙyale ni in gani. Ita ko tana ta murmushinta.

Ana nan sai ga Yaya Asabe da sallama, ranar Talata, da ƙwaryar fura a kai. Ta rame, tana haki, tafiyar ta yi mata nisa. Ba ta gaishe ni da kyau ba ta shiga leƙa tukwanena tana faɗa, wai na bar gida kamar na gwauro. Da lokaci ya yi ta zauna a gefena ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, don ba ta taɓa zama gaban talabijin ba. Da aka nuno albasa ta manta da kunya ta ce wannan ba ta kai tamu ba. Shirin ya ƙare, sunaye suka tsuke, budurwa ta fito.

“To ina shike?”

“Shina cikin waɗancan ƙanana na gefe, Yaya. In shina nan.”

“Kin gane shi?”

“Ban iya ba. Gudu sukai.”

Sai ta ce:

“To shina ciki. Don an ƙanƙanta sunan mutum ai ba a cire shi ba. Ke kuma mi kika zama yi nan, tunda ba ki gani? Taho mu koma. Turmin nan ya yi min nauyi ni ɗaya.”

Na ce mata ta ƙara mini haƙuri, wataƙila mako mai zuwa su daina, wataƙila in saba da gudun. Ta ɗauki ƙwaryarta. Na raka ta har bakin hanya, tana tafe tana tsayawa. Na so in bi ta. Na tsaya ne saboda ina ganin in na tashi daga gaban gilashin nan kamar na saki hannun yaron a tsakiyar kasuwa.

Ba ta sake zuwa ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Ina zuwa kullum da safe in wuni a gefenta in dawo kafin magariba, ranar Talata kuwa kafin la'asar, kuma duk ranar Laraba sai ta tambaye ni ko na gani, in ce a'a, ta ce shina ciki. Wata safiya ina sharar tsakar gida aka aiko. Kafin in isa an riga an rufe mata ido. Da ina ɗakina na da, bango ɗaya ne tsakaninmu, da tarinta kaɗai ya tashe ni. Ni na yi mata wanka. Wannan shi ne abin da zaman gidan Innata ya ci mini, kuma ba na son kowa ya rage masa nauyi don ya lallashe ni.

Bayan an share makoki, wata Talata na ji sallamar namiji a ƙofar gida. Malam Babba ne da sandarsa. Tun da na tare bai taɓa takowa ba. Ya ƙi shiga ɗaki, sai na shimfiɗa masa buzu a inuwar bango, ya zauna ya ba ƙofa baya. Muka gaisa. Can ya ce:

“Yau ne ranar?”

“Yau ne, Malam.”

“To shiga ki duba. Ina nan.”

Na shiga na kunna. Yana zaune a waje yana jin muryar manoma, har budurwar ta fito ta yi tallanta ta gama. Na fito na ce ban gani ba. Ya gyaɗa kai, ya yi doguwar addu'a, muka shafa. Da zai tafi ya ce ɗakina yana nan yadda na bar shi. Na ce na gode. Shi da ni mun san wadda zan koma dominta ba ta nan.

Da aka buɗe layuka, ana ta murna a gari, wayata ta yi ƙara da wata lamba da ban sani ba. Nasiru ne. Muryarsa ta yi ƙasa. A nan na ji abin da ya faru: motarsu ta kife a hanyar dawowa daga wani ƙauye, ƙafarsa ta karye wuri biyu, wayarsa ta farfashe, yana kwance wajen maɗori tun lokacin yankan shinkafa. Ya hana abokan aikinsa su aiko, don ya san zan kama hanya, hanyar kuwa kun san yadda take. Na lissafa a raina. Duk makonnin nan da nake durƙuso da tabaran mahaifinku, sunansa ba ya cikin zirin. Wani ne ke ɗaukar hoton. Da ba su tsuke sunayen ba, da tun Talatar farko na ga babu shi, kuma na san da ban kwana a Gummi ba. Har yau ban san ko in gode wa yarinyar nan ko in ci gaba da jin haushinta ba. Na gaya masa rasuwar Yaya Asabe.

Sai da babbar salla ya iya zuwa, yana dogara sanda. Ya fara sauka wajen Malam Babba, aka raka shi maƙabarta, sannan ya iso wurina. Shi ma, kamar ku, ya ɗauka saɓani ne ya fitar da ni, ya yi ta ba ni haƙuri a kan abin da bai faru ba. Talata ta same shi a gida. Ya ga na jawo kujera na kunna, ya yi murmushi ya ce ashe Inna ta zama 'yar kallo. Muka kalli shirin tare, yana nuna mini wuraren da ya sani. Da aka zo ƙarshe sunaye suka tsuke, na tambaye shi dalilin da suke yin haka.

“Don kada mutane su canza tasha ne, Inna. In aka bar sunaye su kaɗai, kowa tashi yake. Ai ba mai karanta su. Ko mu da ke ciki ba ma dubawa.”

Na dube shi, ga sandarsa jingine da bango, ga ƙafar a miƙe. Na buɗe baki, sai na ga in na faɗa masa a ranar zai ɗauki mutuwar Yaya Asabe ya ɗora a kansa, alhali ƙafarsa ma ba ta gama ɗaukarsa ba. Na ce masa bari in duba tukunya. Na fita na tsaya a bakin murhu har wutar ta cinye, shi kuma yana ciki yana kallon wasan da aka yi talla.